Na Talala Ne

Litinin, da hantsi

Jiya na iso. Na kama ɗaki a masaukin bakin tasha, taga ɗaya, tana kallon bayan shagon mai faci, kuma duk motar da ta tashi sai gadon ya amsa mata. Kayana suna shagon direban da ya kawo ni. Keken ɗinkina kaɗai na ce a hawo min da shi sama. Mai masaukin ya ce, "Mama, ba a ɗinki a nan fa." Na ce ba ɗinki zan yi ba, kallonsa zan yi. Ya ɗauka wasa nake.

Bari in rubuta abin da lauya ya ce tun kaina bai juya shi ba. Za a iya barin Auta ya ƙarasa sauran wa'adinsa a gida, in akwai gidan. Gidan ya kasance cikin gundumar nan, kada ya haye kogi. Mai gidan kuma ya san ko wane ne zai zauna masa a gida, ya yarda da bakinsa a gaban ma'aikaciyar da za a turo ta duba. Ƙarshen wata za a zauna kan maganar. In ranar ta zo babu gida, sai baɗi war haka.

Ɗaurin talala, in ji lauya. Rabona da kalmar nan tun ina yarinya, lokacin da kakata ke ɗaure akuyarta da doguwar igiya a bayan gida, ta ci ciyawa iya inda igiyar ta kai. Ban taɓa zaton za a faɗe ta a kan ɗan da na goya ba, balle in ji ta in yi murna. Amma na yi murna. Har hannun lauyan na kusa kamawa.

Talata, bayan azahar

Na samu dillali. Ban riƙe sunansa ba, Ba-Matsala nake ce masa a raina, don kafin ka rufe baki ya ce ba matsala. Ɗaki biyu? Ba matsala. Mai sauƙin kuɗi? Ba matsala. Kusa da inda mota ke tsayawa? Haba Mama, ba matsala.

Da babban gari muka fara, tunda nan ne kusa da inda ake tsare da Auta. Mun hau benaye har gwiwata ta fara gaishe ni. Na farko, da ya faɗi kuɗin hayar sai na waiga in ga ko da wata yake magana. Na biyu, kicin ɗinsa in ka shiga sai dai ka fito da baya. Na uku yana da kyau, amma mai gidan ya kalli takalmina kafin ya kalli fuskata, na san ba za mu shirya ba.

A gidanmu na da ina girki yara suna zaune a ƙasan kicin suna faɗa kan wanda zai lashe ludayi, kuma ban taɓa taka ƙafar kowa ba. Babansu, Allah ya ji ƙansa, ya yi min kanta da hannunsa, ta karkace, duk abin da ka ɗora mai zagaye sai ya gangaro maka. Shekara da shekaru ina yi masa gori a kanta. Yau da za a ba ni kantar nan da na rungume ta.

Ban gaya wa dillali komai ba. Na ce ni da ɗana ne, zai biyo ni daga baya.

Laraba, da la'asar

Ranar ziyara. Layi tun daga bakin titi, yawanci mata, kowace da jakarta, ba mai kallon idon wata. An zazzage jakata, an karya sabulun gida biyu, an miƙo min.

Auta ya rame a wuya. Ya ce bai rame ba, rigar ce ta yi masa yawa. Na ce ni tela ce, kada ya koya min riga. Ya yi dariya, ta babansa sak, wadda kafaɗa ke fara yi kafin baki.

Bai tambayi gida ba. Ya san wasu ke ciki yanzu, ya kuma san dalili. Lemon tsakar gida ya tambaya, ko ya yi fure bana. Na ce lokacin da na taho ya fara. Muka yi ta zancen lemon nan kamar ɗan'uwan da ya yi tafiya, har aka buga ƙarfe.

Da zan tashi ya ce, "Inna, in bai samu ba kada ki wahalar da kanki." Na ce wa ya gaya masa bai samu ba.

Alhamis, da safe

Gwiwa. Ban fita ba.

Juma'a, da yamma

Ba-Matsala ya ce babban gari ba na irinmu ba ne. Ban san yaushe na zama irinsa ba, amma na bi shi. Muka hau bas zuwa wani gari da ake ce wa garin masaƙa, ko da yake masaƙar ta daɗe da rufewa. Gidajen ma'aikata layi-layi, rabinsu ba kowa, haya kamar kyauta. Wanda ya nuna min yana da baranda, haske na shigowa ta hagu, daidai yadda mai ɗinki ke so. Na tsaya na ga inda keke zai zauna, na ga inda zan rataye zare. Har ƙamshin bangon irin na gidanmu ne in an yi ruwan farko. Na ce na kama.

Sai a hanyar dawowa bas ya hau gada, na ga ruwa a ƙarƙashinmu. Da zuwa barci ne ya ɗauke ni, ban ga mun haye ba.

Na ce, "Wannan shi ne kogin?"

Ya ce shi ne.

Na ce, "To gidan nan bai yi ba."

"Mama, me kogi ya yi miki?"

A nan cikin bas na gaya masa halin da ɗana ke ciki, ƙasa-ƙasa, idona a kan jakata. Tun da muka haɗu, yau ne kaɗai bai ce ba matsala ba.

Asabar, da azahar

Wani mai kantin magani yana da ɗakuna a bayan kantinsa, ta wannan gefen kogi. Mutum mai fara'a. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, ya ce ya ji daɗi tela za ta zauna masa a gida don matarsa na da ɗinkuna. Makulli yana hannunsa har ya miƙo, sai na ga dole ya san inda ɗana yake.

Na faɗa.

Ya ce, "Allah sarki. Allah ya fitar da shi, Mama." Ya dubi makullin. "Sai dai yanzu na tuna, ƙanena ya riga ya yi min maganar ɗakunan nan." Makullin ya koma aljihu a hankali, kamar kada ya ji ciwo.

Ban ji haushinsa ba. Ƙarya nake, na ji.

Lahadi, da hantsi

Na goge keke, na sa masa mai, na taka shi babu zare don in ji muryarsa. Mai masauki ya leƙo, ya ga fuskata, ya koma.

War haka a layinmu masu karɓar ɗinki sun cika min zaure, kowace tana rantsuwa cewa ni na rage mata ƙugu, ba ita ce ta ƙara ba. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ari gishirin da ba ta taɓa mayarwa ba. Auta yana ƙarami a ƙarƙashin keke yake wuni, ya dafa abin takawa da hannu biyu ya ce shi ke tuƙa ni. In na tsaya sai ya ce, "Inna, an zo tasha, kowa ya sauka." Har ya shiga makaranta bai daina ba.

Na yi kewar layin nan. Har masu rantsuwar na yi kewa, duk da na san abin da suka riƙa faɗa bayan abin ya faru.

Litinin, da yamma

Yau ma mun zaga. Ashe kowane mai gida a yankin nan yana da ƙane, kuma ƙannen nan duk sai na buɗe baki ake tuna su. Wata ma ba ta wahalar da kanta da ƙane ba, ta ce tana da 'yan mata a gida. Na so in ce mata ni ma na raini 'ya mace a gida ɗaya da shi, na haɗiye.

Talata, bayan magariba

Babbar 'yata ta bugo. Ta ce, "Inna, ki tattara ki dawo wurina, ga ɗaki nan. Da shekarunki kina bin dillali kwararo-kwararo? Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa."

Na ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ta ce ai hannun ne ya cinye gidan babanta. Ina jin jikana yana kuka a bayanta. Can ta ce, "Ya wuyan nasa, har yanzu yana wannan tarin?" Ita ma ƙanenta ne, bakin ne kawai irin nawa.

Laraba, da la'asar

Na je. Na ce wa Auta ana kan hanya. Ya ce to. Bai tambayi lemo ba, ni ma ban ɗauko ba.

Alhamis, da safe

Ba-Matsala ya zo da shawara. Ya ce, "Mama, a bar kaza cikin gashinta. Ki kama gida tukuna, in kin shiga kin shiga." Na ce ma'aikaciyar da za ta zo fa, ita ma cikin gashin za mu sa ta? Ya sosa ƙeya. Ya ce saura gari ɗaya, ƙarshen layi, inda bas ke juyawa. In can bai yi ba shi kam ya sauke.

Watan ya wuce rabi.

Juma'a, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda aka yi.

Garin ƙarshen layi ɗan ƙarami ne: kasuwa, injin niƙa, makarantar firamare, sai gonaki. Tun daga tasha na buɗe idona tar, ba mu haye komai ba. Gidan na wata tsohuwa ne, kowa Iya yake ce mata. Ita kaɗai ce, 'ya'yanta sun watse birane. Tsakar gidan cike da shuke-shuke a gwangwanaye da tsofaffin bokitai, tana yi musu magana kamar jikoki. Ɗaki biyu a baya, da ɗan kicin, da famfo. Abin da ta faɗa zan iya biya, ko da ɗinkin kayan 'yan makaranta ne. Kunnenta ya yi nauyi, sai ka matso ka ɗaga murya.

Dillali ya ja gefe ya bar ni da ita. Allah ya sani na yi niyyar faɗa kai tsaye, amma idona ya gaji da ganin makulli yana komawa aljihu. Sai na zagayo ta bayan gida.

Na ce, "Iya, ba ni kaɗai ba ce. Akwai wanda za a kawo min ƙarshen wata. Ɗaurin talala ne."

Ta ce, "Me?"

"Na talala ne! Ba zai fita ba, iyakarsa tsakar gida!"

Ta dube ni, ta dubi gwangwanayenta. "Namiji ne?"

"Namiji."

"Yana da faɗa?"

"Ko kaɗan, Iya. Mai sanyi ne."

"A hannunki ya tashi?"

"A hannuna."

"Yana kuka da dare?"

Na ce, "Wani lokaci."

Ta ce, "To, ai duk haka suke in an canza musu wuri. In dai ba zai taɓa min shuka ba, kawo shi, 'yar nan."

Ƙwalla ta cika min ido. Na durƙusa da gwiwar nan tawa zan yi godiya, sai ta ƙara da cewa, "Dusa kuma kada ki saya a kasuwa, suna cakuɗa ta da ƙasa. Mai injin nan ɗan ƙawata ne, zai ba ki mai kyau."

Ina durƙushe na gane rago take nufi.

Ba-Matsala ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. A hanyar tasha ya ce, "Mama, ta ce to. To ai to ne." Makullin yana cikin jakata yanzu, na duba shi ya fi a ƙirga.

Lahadi, da yamma

Na tare. Direba ya kawo kayana, keke ya samu wuri a gindin taga. Hasken ta dama yake shigowa, zan saba. Na share ɗaki na biyu, na shimfiɗa katifa, na ɗinka labule da ragowar yadin da na taho da shi daga gida.

Gobe zan gaya mata.

Litinin, da azahar

Ban gaya mata ba. Ta aiko min da abinci, ta zo ta zauna tana kallon ina ɗinki, ta ba ni labarin mijinta da ya yi shekaru yana gadin makarantar nan. Ta kai ni wurin shugaban makarantar da kanta, ta ce masa ga tela ta samu, kada ya ƙara kai ɗinki wani gari. Ta yaya za ka buɗe baki bayan wannan?

Talata, da hantsi

Na fito da safe na tarar ta sa an kafa turke a inuwar katanga, nesa da gwangwanayenta. Ta nuno min igiya sabuwa fil. Ta ce, "Mai laushi na zaɓa, kada ta ci masa wuya."

Na ce na gode. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka mai isata.

Laraba, da la'asar

Na gaya wa Auta an samu. Ya riƙa murza yatsunsa. Sannan ya ce, "Mai gidan ta san komai?"

Na ce, "Ta ce in kawo ka."

Ya ce Allah ya saka mata da alheri. Ya tambayi ina tagar ɗakin ke kallo, na ce gonaki. Ya ce da gaske, ana ganin nesa? Na ce har inda ido ya gaji. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin ranar da aka tafi da shi.

A bas lauya ya bugo. Ma'aikaciya za ta zo ranar Litinin.

Alhamis, da safe

Yau ma ban gaya mata ba.

Juma'a, da hantsi

Na faɗa.

Tana ba shuke-shukenta ruwa na same ta. Na ce, "Iya, akwai magana. Ba rago ba ne."

Ta ce, "Tunkiya ce? Ai kin ce namiji."

"Ɗana ne."

"Ɗan me?"

Na matso. Na ɗaga murya. Ba ta ji ba, ko kuwa ta ji kanta ya ƙi ɗauka. Sai da na buɗe maƙogwaro kamar mai kiran wanda ke hayin kogi: "Ɗana ne, Iya! Ɗan cikina! Yana gidan yari!"

Ga shi na rubuta. Tun da na fara rubutun nan nake zagaye kalmar, yau na faɗe ta da ƙarfin da rediyon maƙwabta ya yi shiru. Wata da ke shanya a bayan katanga ta tsaya da zane a hannu. Kafin azahar duk garin nan zai sani, har mai injin dusa.

Iya ta ajiye butar. Ta ce, "Me ya yi?"

Wannan kam a kunnenta na faɗa, bakina a jikin ɗankwalinta. Na faɗi abin da ya yi, da abin da aka ce ya yi, don ba ɗaya ba ne. Ba zan rubuta a nan ba.

Ta dube ni ta daɗe. Ta shiga ɗakinta ta ja ƙofa. Butar tana nan inda ta bar ta, rabin gwangwanayen ba su sha ba. Na ɗauka zan ƙarasa mata, sai na tuna ta ce kada a taɓa mata shuka.

Asabar, da yamma

Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Da wata ce sai in ce ba ta ji ba ne.

Shugaban makaranta ya aiko a ce in dakata da zuwa auna yara don ɗinki tukuna.

Lahadi, bayan azahar

Na mayar da tukwane cikin kwali. Labulen ɗakinsa na kasa cirewa.

Wuni na yi ina tunanin ranar da muka tare a gidanmu na da. Ba ƙofa a kicin, ba siminti a tsakar gida, babansu ya ɗauko keken nan a ka tun daga bakin titi don kada a ce ya biya ɗan dako. Maƙwabta suka fito suna yi masa dariya, ya ce su yi ta yi, shi dai ya shigo da arzikinsa. Ba wanda ya tambaye mu ko mu su wane ne. A lokacin ban san wannan ma arziki ba ne.

Iya ta fito da yamma ta ba shuka ruwa. Ta tsaya a gaban turken nan, ta daɗe, ta koma ciki.

Litinin, bayan la'asar

Ma'aikaciyar ta zo da hantsi, yarinya ce sa'ar babbar 'yata, da ƙurar hanya a takalminta. Ta duba ɗakin, ta leƙa taga, ta kunna famfo. Ta ga kwalin tukwane ta ce, "Mama, ba ki gama kwance kaya ba?" Na ce eh.

Sannan ta ce a kira mai gida.

Iya ta fito da mayafinta na fita unguwa. Ta zauna a kujerarta, ba ta kalle ni ba. Ma'aikaciyar ta durƙusa kusa da kunnenta ta ce, "Iya, kin san wanda zai zauna a ɗakin can?"

Iya ta ce, "Rago na ɗauka."

Yarinyar ta juyo ta kalle ni. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Iya ta ce, "Daga baya an gyara min. Na sani yanzu. Na san inda yake, na san abin da ya kai shi."

"To kin yarda ya zauna a gidanki?"

Ta gyara mayafi. Ta ce, "'Yar nan, ni kwanakin nan ban yi barcin kirki ba. Na yi ta juya tambayoyin da na yi wa matar nan. Na ce yana da faɗa, ta ce a'a. Na ce a hannunta ya tashi, ta ce eh. Na ce yana kuka da dare, ta ce wani lokaci. Na juya su gaba, na juya su baya, ban ga amsar da ta canza ba don ya zama mutum. In na ba dabba inuwa na hana ɗan mutum, me zan ce ranar da aka tambaye ni? Ya zo."

Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na buɗe baki zan yi magana, Iya ta ɗaga min hannu.

Ta ce, "Ke kuma ban gama da ke ba. Kina gani na tafi kasuwa da ƙafafun nan nawa na zaɓo igiya, kika ce kin gode. Shi ban san shi ba, bai yi min komai ba. Ke ce kika yi min."

Na ce gaskiya ne, Iya.

Ta ce, "Me?"

Na ce, "Gaskiya ne!"

Ta ce ta ji tun farko, so take in maimaita.

Talata, da safe

Na fito da tukwane. Iya ta amsa gaisuwata, da hanci, amma ta amsa.

Alhamis, da yamma

An zauna. An yarda. Asabar.

Na kira babbar 'yata na gaya mata, ta ce, "To," ta kashe. Can ta sake bugowa ta ce wace lamba yake sawa a takalmi yanzu.

Asabar, bayan magariba

Sun kawo shi da la'asar a mota. Kayansa duka a leda ɗaya. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Iya, ta ce masa ya tashi, ta nuna masa gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya ta ce waɗannan sun riga shi zuwa gidan, ya girmama su. Ya ce to, Iya. Ma'aikaciyar ta nuna masa iyakarsa, bakin ƙofar gida. Mutane sun taru a waje suna leƙe, na fita na gaishe su da kyau har suka ji kunya suka watse.

Ya ci abinci da sauri, hannu ɗaya kewaye da kwanon. Ya tsaya a taga har duhu ya rufe gonakin.

Lahadi, da hantsi

Na tashi da wuri na ɗora ruwa. Rana ta fito, ban ji motsinsa ba, na ce bari ya huta. Har Iya ta gama ban ruwa, shiru. Na leƙa ta ƙasan ƙofarsa na ga inuwar ƙafafunsa. A tsaye yake, dab da ƙofar, ban san tun yaushe ba.

Na ce, "Auta, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, Inna."

Na ce, "A buɗe take fa. Ba wanda ya kulle."

Ya ce, "Na sani, Inna. Ki dai buɗe min."

Na goge hannuna a zane na buɗe masa.